Kafin a yi wa kwamfutar fomatin: me ke sa manhajar rubuta kod nauyi da ɗaukewa?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a lokacin furojet ya san waɗannan koke-koke. Ta yi nauyi. Ta sandare. Ana cikin rubutu ta ɗauke, ba a yi sebin ba. A Kaura Namoda ta jihar Zamfara, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 1983, da Shinkafi da Zurmi inda matasa ke koyon rubuta manhaja a gida ko a shagon kwamfuta, maganin da baki ya fi saurin furtawa guda ne: bairos ce, a kai wa injiniya ya yi mata fomatin.

Fomatin kuwa ba abu ne mai arha ba a wannan yanki. Bayan kuɗin aiki, sai an sake sauke komai daga intanet, kuma Android Studio, da ake rubuta manhajar waya da shi, shi kaɗai ya haura gigabait ɗaya kafin a zo ga kayan da yake nema daga baya. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu sabis. Wanda ya goge kwamfutarsa a irin wannan lokaci ya goge sana'arsa ke nan har sai hali ya yi. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa bayan kwana kaɗan nauyin yakan dawo, domin tun asali ba bairos ce ta kawo shi ba. Mai kwamfutar ya sake ɗora kayan da ya ɗora a baya, ya sake buɗe aikinsa yadda ya saba, cutar ta biyo shi.

Manhajar da ake magana a kai ita ce wadda masu sana'ar ke kira edita, wato inda ake rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce Visual Studio Code, da aka fi sani da VS Code, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, kyauta. A ƙuri'ar jin ra'ayi da shafin Stack Overflow ke yi duk shekara, sama da kashi 70 cikin ɗari na masu rubuta manhaja da suka amsa a 2023 da 2024 sun ce suna amfani da ita. Ɗaliban shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da ɗaliban kwalejoji duk a kanta akasarinsu ke fara koyo.

Sai dai akwai abin da masu koyo da yawa ba su sani ba game da ita. An gina VS Code ne a kan wani tubali mai suna Electron, shi kuma Electron a cikinsa akwai Chromium, injin nan da ke tafiyar da burauzar Chrome. Ma'ana, wanda ya buɗe VS Code tamkar ya buɗe burauza ce sukutum. Idan kuma ya buɗe Chrome a gefe da shafuka goma, yana kallon darasi a YouTube, ga WhatsApp na kwamfuta a kunne, to injin burauza biyu ko uku ne ke kokawa a kan ƙwaƙwalwa ɗaya.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Kwamfuta tana da rumbu, tana da tabarma. Rumbun shi ne faifan ajiya, inda fayiloli ke kwana ko an kashe na'urar. Tabarmar ita ce RAM, inda ake baje abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu. Mai rumbu cike da shinkafa, idan tabarmarsa ƙarama ce, dole ya riƙa kwashe wannan ya mayar kafin ya baje wancan, yini ya ƙare a zirga-zirga. Haka Windows ke yi idan RAM ta cika: sai ta fara jibge wani sashe na aikin a faifai tana ɗaukowa, kuma faifai ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Yawancin laftof na hannu da ɗalibai ke iya saye, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na shekarun baya, sukan zo da RAM mai gigabait 4, wasu ma da tsohon faifai mai juyawa. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema don kanta. Microsoft ya rubuta cewa gigabait 1 ya isa VS Code ta tashi, kuma gaskiya ne, amma wannan lissafin edita ce tsirara, ba a ɗora mata komai ba, ba ta buɗe babban aiki ba.

Matakin farko na bincike ba ya cin ko sisi. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A duba ginshiƙai uku: na CPU, na Memory, da na Disk. Idan Memory ya kai kashi 90 kuma Disk ya maƙale a 100, zirga-zirgar nan ce ke gudana, kuma rufe burauza kaɗai kan iya sauƙaƙa lamarin nan take. Idan CPU ne ya cika alhali ba a taɓa komai ba, to akwai wani abu da ke aiki a ɓoye, kuma ana iya gano shi da suna.

VS Code ba jiki ɗaya ba ce. Akwai sashen da ke zana tagar da ake gani, akwai wanda ke riƙe da ekstenshan, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa editar, akwai mai gadin fayiloli, akwai kuma wanda ke karanta yaren da ake rubutu da shi, ko Python ko JavaScript ko wani, yana ba da shawarar kalma ta gaba yana ja wa kuskure jan layi. Task Manager yakan jera su duka da suna iri ɗaya, shi ya sa editar ta zo da nata ma'aunin. A ƙarƙashin Help akwai Open Process Explorer, wanda ke nuna kowane sashe da abin da yake ci. Minti biyu a wannan taga sun fi awa guda ana zato.

Sau da yawa yatsa kan nuna ekstenshan. Dalilin a fili yake: sabon ɗalibi yakan kalli bidiyon da ke lissafa ekstenshan ashirin da aka ce kowa na buƙata, ya ɗora su gaba ɗaya, har da na yarukan da bai taɓa rubutawa ba. Kowane ɗaya wani ne ya rubuta shi, wani ƙwararre, wani mai koyo, wani kuma ya daɗe da watsar da shi. Kuma akasarinsu a sashe ɗaya suke zaune, don haka guda ɗaya mai jan ƙafa yana iya tsayar da sauran.

Akwai misali sananne. Wani ekstenshan mai suna Bracket Pair Colorizer, wanda ke ba wa bakan buɗewa da na rufewa launi iri ɗaya don ido ya gane su, an sauke shi sama da sau miliyan 6. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma a babban fayil yakan durƙusa. Injiniyoyin VS Code sun gwada shi a wani fayil mai layi sama da 42,000, suka ga ƙara baka guda a farkon fayil ɗin yana sa a jira kusan daƙiƙa 10 kafin launuka su daidaita. A 2021 suka gina wannan aikin a cikin editar kanta da wata dabara daban, jiran ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Har yanzu akwai tsofaffin darussa a intanet da ke cewa a ɗora wancan ekstenshan, alhali editar ta riga ta iya aikin.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a tashi editar babu ekstenshan ko ɗaya. Ana rubuta code --disable-extensions a tagar umarni. Idan nauyin ya ɓace, an san unguwar da mai laifin yake. Gano shi kansa kuma ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, domin tun ƙarshen 2020 editar tana da wata hanya mai suna Extension Bisect. Takan kashe rabin ekstenshan ɗin, ta tambayi mai kwamfutar ko matsalar tana nan. Daga amsarsa ta san rabin da za ta bi, ta sake raba shi biyu. Mai ekstenshan 32 tambaya biyar kacal ke tsakaninsa da sunan mai laifin, domin 32 na komawa 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. Wannan dabara ta cancanci a koyar da ita a makon farko na kowane aji, domin ita ce dai dabarar da ɗalibin zai yi amfani da ita gobe wajen farautar kuskure a manhajar da ya rubuta da hannunsa. Sharaɗinta ɗaya ne: abu guda ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya cire ekstenshan biyar, ya sauya saiti uku, ya sake kunna na'urar duk a lokaci guda, ko ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba.

Mai laifi na biyu ba a cika zarginsa ba, shi ne foldar da aka buɗe. Edita takan sa ido a kan duk fayil ɗin da ke cikin foldar da aka ba ta, don ta lura idan wani ya canza, kuma sashen yare yakan karanta su ya haɗa fihirisa. Ɗalibin da ya buɗe Desktop ɗinsa gaba ɗaya, ko Documents mai ɗauke da finafinai da hotunan biki da littattafan karatu, ya ba editar gadin dubban abubuwan da ba ruwanta da su. Ko a aikin da aka tsara da kyau, foldar node_modules da masu React da Node ke samu tana iya ƙunsar fayiloli dubu goma-goma. Maganin shi ne a buɗe foldar furojet ɗin ita kaɗai, sannan a saka manyan foldoji marasa amfani ga rubutu a saitin files.watcherExclude da search.exclude. Haka kuma yin aiki kai tsaye daga filash, kamar yadda masu yawo tsakanin kafe da ɗakin kwanan ɗalibai ke yi, yana jawo jinkiri mai yawa. Gara a kwafo aikin zuwa kwamfutar, a mayar da shi filash idan an gama. Wanda kuma ya ɗora manhajar kashe bairos biyu ko uku a kan wadda Windows ta zo da ita, kowacce sai ta tsayar da kowane ƙaramin fayil ta bincika kafin ta sake shi.

Sai kuma cutar da ta fi ruɗa mutane: editar da ke tashi garau da safe, kafin la'asar ta zama kamar ana jan ta. Wannan shi ne kumburin ƙwaƙwalwa. Manhaja takan ari wuri a RAM idan za ta yi aiki, ta mayar idan ta gama. A yaruka irin JavaScript akwai wani tsari da ke zagayawa yana kwashe abin da aka daina amfani da shi, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro wa yaren Lisp tun wajen 1959. Amma wannan tsari ba ya taɓa abin da wani sashe ke riƙe da shi. Idan mai rubuta ekstenshan ya manta bai saki abin da ya riƙe ba, duk buɗe fayil da duk danna sebin sai a ƙara ɗan wuri da ba zai dawo ba. Shi ake kira yoyon ƙwaƙwalwa.

Ba kowane hawa ne yoyo ba, kuma a nan mutane ke yin gaggawar hukunci. Edita takan ajiye wasu bayanai da gangan don aiki ya yi sauri, sai lambar ta hau na ɗan lokaci ta tsaya. Sashen da ke kula da TypeScript da JavaScript, alal misali, an yarje masa ya kai kusan gigabait 3 idan aikin babba ne, wanda a na'ura mai gigabait 4 ya isa ya shaƙe komai ko babu kuskure a ko'ina. Yadda ake bambancewa shi ne da takarda da biro. A rubuta lambar da Process Explorer ya nuna bayan an tashi editar, a sake rubutawa bayan awa ɗaya, da bayan awa biyu, sannan a rufe dukkan fayiloli a ga ko za ta sauka. Wadda ta hau ta tsaya, lafiya lau. Wadda ke ta hawa ba ta saukowa ko an rufe komai, yoyo ne, kuma sunan sashen da ke kumbura yana nan a rubuce a gefen lambar. Umarnin Reload Window yana zubar da abin da ya taru cikin daƙiƙoƙi ba tare da an kashe kwamfuta ba. Sauƙi ne na ɗan lokaci, amma yana kai mutum ƙarshen aikin ranar.

Wani lokaci kuma laifin na editar ne da kanta. Kafin 2018, VS Code tana ajiye kowane layi na fayil a matsayin abu mai zaman kansa, har aka samu fayil mai megabait 35 da layi miliyan 13.7 yana cinye kusan megabait 600 na RAM. A waccan shekara aka sake gina wannan ɓangare. Darasin ga mai tsohuwar siga da ya kwafa daga filash ɗin aboki shi ne, sabuntawa na iya zama maganin, idan an samu sabis mai ƙarfi da data.

Ɗaukewa ma iri-iri ce, kuma kalma ɗaya da ake kiran su da ita tana ɓoye bambancin. Idan saƙo ya fito cewa sashen ekstenshan ya mutu amma tagar tana nan, a koma ga gwajin rabawa biyu. Idan tagar ce ta rufe kuma a saƙon aka ga haruffan oom, ƙwaƙwalwa ce ta ƙare. Idan tagar ta yi baƙi ko rubutu ya riƙa rawa, galibi tsohuwar manhajar katin hoto ce, kuma tashin editar da code --disable-gpu yakan tabbatar da haka. Amma idan kwamfutar ce gaba ɗaya ta mutu kamar an zare mata rai, to a bar editar ta huta, a duba ƙarfen.

A arewacin Zamfara wannan ba ƙaramin batu ba ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cusa ƙura a fankar laftof da ramukan iskarta. Injin kwamfuta, wato CPU, idan ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, idan zafin ya ci gaba sai ya kashe kansa. Ɗalibin da ke aiki a kan katifa ko a kan cinya da rana tsaka a ɗakin kwano ya toshe hanyar iskar ke nan. Busa ƙurar, da sauya man sanyaya da ke tsakanin injin da ƙarfen da ke janye zafi, aiki ne da mai gyara zai yi cikin ɗan lokaci, kuma yakan dawo wa tsohuwar na'ura da ƙarfin da aka ɗauka tsufa ne ya cinye. Wuta ma tana da nata hannun. Idan aka ɗauke NEPA aka koma batir, Windows takan rage gudu don cajin ya daɗe. Laftof ɗin Dell kuwa an san su da rage gudun injin idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, abin da ke faruwa da cajojin jabu ko waɗanda wayarsu ta lalace.

Tunda ba a iya hana wuta ɗaukewa, sai a tsare aikin. A kunna Auto Save a ƙarƙashin File. Editar tana ajiye kwafin abin da ba a yi wa sebin ba, takan dawo da shi idan an sake buɗewa, kuma tun 2022 akwai tarihin kowane fayil a sashen Timeline, inda ake iya komawa ga yadda yake awa biyu da suka wuce. Manhajar Git kuma, saɓanin yadda wasu ke zato, ba ta buƙatar intanet wajen ajiye tarihin aiki a cikin kwamfuta. Turawa zuwa shafin GitHub ce kaɗai ke jiran sabis. Shi kansa raunin sabis yakan yi kama da nauyin edita: ekstenshan masu ba da shawara ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, irin su Copilot, sai sun aika tambaya waje sun jira amsa, don haka a ranar da netwok ke rarrafe kashe su ya fi alheri.

Idan an bi duk wannan kuma ma'auni ya nuna na'urar ce ta gaza, sai a zo batun kuɗi, amma ba lallai sai sabuwar laftof ba. Sauya tsohon faifai mai juyawa da faifan SSD shi ne canjin da aka fi ji a jiki, sai ƙara RAM zuwa gigabait 8. Kafin a aika Gusau ko Kano, inda ake samun irin waɗannan kaya a Titin Beirut da kasuwar Farm Centre, a tabbatar da nau'in RAM ɗin, DDR3 ne ko DDR4, kuma a duba ko akwai gurbin ƙari, domin a wasu siraran laftof an liƙe ta ne a jikin allon cikin na'urar. Masu koyon manhajar waya da Android Studio, wanda shi kansa gigabait 8 yake nema, za su huta idan suka bar wayar kwaikwayo da ke cikinsa suka jona wayarsu ta gaske da kebul suna gwaji a kanta. Kuma babu kunya a amfani da edita mara nauyi. Notepad++ da ke nan tun 2003, da Sublime Text, da Vim da ya fito a 1991, duk suna tashi cikin ƙiftawar ido a na'urar da VS Code ke nishi a kanta, kuma HTML da Python ɗin da aka rubuta a cikinsu ba su da bambanci da na kowa.

Akwai mataki guda da masu koyo a nan ba su cika ɗauka ba, wato kai rahoto ga masu manhajar. A Maris na 2017 wata mai rubuta manhaja ta lura cewa VS Code tana cin kusan kashi 13 cikin ɗari na ƙarfin injin kwamfutarta alhali ba ta yin komai. Ta bi diddigi har ta gano cewa ɗan sandan nan mai ƙyaftawa a inda ake rubutu ne sanadi, domin ana sake zana shi sau 60 a kowace daƙiƙa. Ta rubuta rahoto a GitHub, aka gyara, batirin miliyoyin mutane ya amfana. Injiniyoyin da ke gina waɗannan manhajoji galibi a kan manyan na'urori suke aiki, a ɗakuna masu sanyi da intanet mai gudu, don haka akwai matsalolin da sai mai gigabait 4 a Zurmi ne zai fara cin karo da su. A ƙarƙashin Help akwai Report Issue. Abin da ake so a rahoton shi ne sigar editar, irin na'urar da yawan RAM ɗinta, abin da umarnin code --status ya fitar, ko matsalar tana nan bayan an kashe ekstenshan, da matakan da wani zai bi ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da mai rahoton ya gani. Idan kuma binciken ya nuna ekstenshan ne, to shafin wanda ya rubuta shi ake kai ƙarar, ba na Microsoft ba.